Karantar Zuciyar Mai Saye

Karantar zuciyar mai saye wani reshe ne na ilimin kasuwanci da talla da ke bin diddigin dalilan da ke sa mutum ya sayi abu ko ya bar shi, musamman dalilan da ba ya faɗa da bakinsa. Wani sa'in ya san su, kunya ce ke hana shi furtawa. Wani sa'in kuma shi kansa bai san suna nan ba. Tallan da aka ɗora a kan wannan sani ana ce masa talla mai taɓa zuciya. Maimakon a lissafa wa mutum ƙarkon kaya da rahusarsu, sai a yi magana da tsoronsa, ko burinsa, ko ƙaunar iyalinsa, ko son a gan shi da mutunci. A Amurka fannin ya samu suna da tsari a tsakiyar ƙarni na 20, amma aikin kansa ya girmi jami'a nesa ba kusa ba. Dillaliyar da ke bi gida-gida a Tudun Wada da ƙullin atamfofi ta daɗe tana yin sa ba tare da ta san yana da suna ba.

Asalin fannin

A shekarun 1940, masana zamantakewa biyu na Jami'ar Columbia, Paul Lazarsfeld da Robert Merton, suka riƙa tara mutane kaɗan a ɗaki su saurari shirin rediyo, sannan a tambaye su abin da suka ji a ransu. Daga nan aka samo tattaunawar rukuni da kamfanoni ke amfani da ita har yau. Ernest Dichter, masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin Ostiriya wanda ya koma Amurka a 1938, shi ya kai abin kasuwa. Ya ari dabarun Sigmund Freud, likitan da ya yi suna wajen binciken ɓoyayyen tunanin ɗan Adam, yana doguwar hira da masu saye, yana neman abin da ke bayan amsarsu ta farko.

Gwajin da ya fi fito da ainihin lamarin shi ne na Mason Haire na Jami'ar Kalifoniya a 1950. A lokacin garin kofi mai narkewa nan take, irin su Nescafé, ba ya samun karɓuwa, kuma in an tambayi matan aure sai su ce ɗanɗanonsa ne ba su so. Haire bai yi musu da su ba. Ya rubuta takardar cefane iri biyu masu kaya ɗaya, bambancinsu kawai a ɗaya akwai Nescafé, a ɗayar kuma kofi na gargajiya da sai an dafa. Ya raba wa mata 100, hamsin-hamsin, ya ce kowace ta siffanta matar da ta rubuta takardar. Kusan rabin waɗanda suka ga Nescafé suka ce malalaciya ce. Ashe ba harshe ne ya ƙi kofin ba, tsoron a kira mace raguwa ne. Wannan dabara ta a tambayi mutum game da wani domin ya faɗi abin da ke ransa ta zama ginshiƙin fannin, kuma duk Bahaushen da ya taɓa jin an ce "wata ƙawata ce ke tambaya" ya san yadda take aiki.

Ba a daɗe ba aka fara sukar fannin. A 1957 ɗan jarida Vance Packard ya fitar da littafin da ya zargi masu talla da juya mutane ba da saninsu ba. A wannan shekarar ce wani mai binciken kasuwa, James Vicary, ya yi iƙirarin cewa ya saka gajerun saƙonni a cikin fim, waɗanda ido ba ya kama su, kuma cinikin Coca-Cola da gugguru ya ƙaru. A 1962 ya amsa cewa labarin ba shi da tushe. Duk da haka har gobe ana maimaita shi a matsayin gaskiya.

Abin da bincike ya ƙara daga baya

A 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya nauyi a zuciyar mutum. Shi ya sa "saura guda biyu kacal" ke motsa mai saye fiye da "wannan kaya ne mai kyau". Likitan ƙwaƙwalwa Antonio Damasio kuma ya bayyana a 1994 cewa marasa lafiyar da suka samu rauni a sashen gaban ƙwaƙwalwa mai alaƙa da motsin rai sukan kasa yanke shawara ko a kan ƙaramin abu, alhali hankalinsu na lissafi lafiya lau. Wato motsin rai ba kishiyar hankali ba ne wajen zaɓi, abokin aikinsa ne.

Kamfanin Coca-Cola ya koyi wannan da tsada. A watan Afrilun 1985 ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan gwajin da aka yi da kusan mutum 200,000, inda sabon ya yi rinjaye. Jama'a suka yi ca, kuma bayan kwana 79 aka dawo da tsohon. An auna harshe, an manta da shaƙuwa. A 2004 masanin ƙwaƙwalwa Read Montague da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan Coca-Cola da Pepsi, suka ga cewa sanin sunan abin da ake sha kaɗai yana sauya zaɓin mutum da sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki. Akwai kuma wata magana da ake yawan dangantawa da Gerald Zaltman na Harvard, cewa kashi 95 cikin ɗari na tunanin mai saye a ɓoye yake gudana. Masu koyar da talla suna son wannan adadi, amma ƙiyasi ne, ba awo ba.

A kasuwannin Kaduna

Duk wanda ya zauna yini ɗaya a rumfar mai atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zai lura cewa kalmar "ba ni da kuɗi" ita ce mafi ƙarancin fitowa daga bakin mai saye. Abin da ake ji shi ne "bari in zagayo", ko "sai na yi shawara da maigida", ko "ba kalar da nake nema ba ce". Ɗan kasuwar da bai ƙware ba sai ya shiga zaƙulo wasu kaloli har ya gaji. Gwani kuwa ya gane cewa farashin ne ya fi ƙarfinta kuma ba ta son a sani. Ba zai ce "ga mai arha" ba, domin wannan cin fuska ne. Sai ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, akwai wata da ta shigo, ba ta zuba, ita ake yayi yanzu." Ya rage mata nauyi, ya kuma rufa mata asiri, kuma rufin asirin ne zai dawo da ita rumfarsa da Sallah.

A nan kunya da mutunci su ne manyan ɓoyayyun dalilai, kuma sun fi fitowa a sayayyar da idon jama'a zai gani. Mai haɗa lefe ba yadi yake saye ba kawai, fita kunya yake saye. Lissafinsa ba a kan amarya kaɗai yake ba, har da matan dangi da za su buɗe akwatunan suna ƙirga turame, suna duba ko akwai 'yar Holan da shadda mai nauyi. Uwar amarya mai sayen kayan ɗaki ita ma tsoronta ɗaya, kada a raina 'yarta a gidan miji. Magidancin da ya je Zango neman ragon layya ya san cewa matsakaicin rago mai lafiya ya wadatar a shari'a, amma yana tuna cewa za a ɗaure shi a ƙofar gida kusa da na maƙwabci, kuma yara za su gwada. Dillali ya san haka sarai, shi ya sa yake cewa, "Alhaji, wannan ai ba girmanka ba ne," yana nuna wanda ya fi tsada. Anko ma haka: mace kan saya ba don zanen ya burge ta ba, sai don kada a ce ba ta yi kara ba.

Ciniki kansa hanyar karatu ce. Da "taya mana" mai kaya ke auna aljihun mai saye. "Albarka" ƙin tayi ne da ba ya ɓata rai, "na sallama" kuma yakan zo da fuskar wanda ya yi asara, domin mai saye ya tafi yana jin shi ya yi nasara. Gyaran da mai tumatir ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba in an auna shi da kuɗi, amma shi ake tunawa. A Kasuwar Barci, inda gwanjo ya yi suna, akwai wani abin lura: wasu masu sayen sun fi son a sallame su da sauri, a naɗe kayan a baƙar leda.

Manyan kamfanoni ma sun bi wannan sawu. Lokacin da aka fara sayar da madarar Cowbell a ƙananan ƙunshi a Najeriya a 1993, babban dalilin shi ne ƙarancin kuɗi a hannun jama'a. Amma ƙunshin ya yi wani aiki na biyu: mai ƙaramin ƙarfi ya samu damar sayen madara mai suna ba tare da ya roƙi mai kanti ya auna masa cokali ba.

Hanyoyin ganowa

Masu bincike kan yi doguwar hira da mutum ɗaya, ko tattaunawar rukuni, ko su ba da hoto a ce a faɗi abin da mutumin ciki ke tunani, ko su zauna su kalli yadda ake amfani da kaya a gida. Tattaunawar rukuni tana da rauni a ƙasar Hausa, domin in akwai babba a zaman, yara za su bi bakinsa, kuma mata da yawa ba sa sakin jiki a gaban baƙon namiji. A intanet kuma ana duba abin da mutum ya nema, da abin da ya daɗe yana kallo, da abin da ya zaɓa sannan ya fasa biya.

Suka, addini da doka

Sanin da ke sa a rufa wa mai saye asiri shi ne dai ke sa a cuce shi. Tallan kayan mata da ake yaɗawa a WhatsApp da TikTok da yawansa an gina shi ne a kan tsoron kishiya, na man bilicin kuma a kan raina launin da Allah ya ba mutum, duk da gargaɗin da hukumar NAFDAC ta sha yi kan sinadarai masu cutarwa da ke cikin wasunsu. Tsarin zuba kuɗi na damfara, MMM, da ya rufe asusun 'yan Najeriya a Disambar 2016 ya ci kasuwarsa ne da tsoron kada a bar mutum a baya.

Malamai sun daɗe da tanka wannan. Musulunci ya hana najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don ya zuga wani. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wani hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya ce rantsuwa tana sayar da haja, amma tana shafe albarka.

A dokar Najeriya, hukumar ARCON ce ke kula da talla tun 2022, bayan ta gaji APCON da aka kafa a 1988, yayin da hukumar FCCPC ke kare haƙƙin masu saye daga tallan yaudara. Batun bayanan sirri ya ƙara zafi tun da aka gano a 2014 cewa Facebook ya sauya abin da masu amfani da shi kusan 689,000 ke gani na tsawon mako guda a 2012, don ya gwada ko hakan zai sauya yanayin ransu. Najeriya ta yi dokar kare bayanai a 2023, kuma a Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 bisa yadda ya sarrafa bayanan 'yan Najeriya.