Musun Lions da Bears kan mai tsara hari, ba jiya aka faro shi ba

Tunda Detroit Lions suka ɗauko Drew Petzing daga Arizona Cardinals a Janairun 2026 ya zama sabon mai tsara musu hari, mu 'yan tsirarun da muke hana ido barci saboda ƙwallon Amurka bamu huta da musu ba. Wasu sunce Chicago Bears su shirya, zakunan sun farka. Wasu kuma sunce ko wa za'a kawo aikin gama ya gama, tunda Ben Johnson, tsohon mai tsara harin Lions, ya tattara ƙwaƙwalwar ƙungiyar ya wuce da ita Shikago inda ya zama babban kocin Bears. Duka ɓangarorin suna magana kamar ranar da Johnson ya sa hannu a Janairun 2025 ne abin ya faɗo daga sama, alhali tuwon ya daɗe a kan wuta.

Ga wanda Firimiya kawai yake kallo, a NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, babban koci yana da manyan mataimaka, ɗaya na hari ɗaya na tsaro. Na harin yawanci shi ke riƙe da wannan babbar takardar da zaka ga yana rufe bakinsa da ita, yana faɗa wa kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, dabarar da za'a buga ta wata 'yar rediyo dake cikin hular kwanonsa, kuma rediyon tana yankewa idan saura daƙiƙa 15 a agogon wasa. Kaga kenan kowane taku na hari daga bakinsa yake fitowa. Idan irin wannan mutumin ya koma ƙungiyar da kuke rukuni ɗaya, kuna haɗuwa sau biyu duk shekara, to abin ya ma fi tafiyar Arteta daga gefen Guardiola zuwa Arsenal a 2019 ciwo.

Tarihin baya kowa ya sani, ba sai na ja ba. Lions basu taɓa zuwa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ɗaukar kofi, ba, a 2008 wasa 16 suka buga duka aka cinye su, kuma daga Janairun 1992 sai da suka shekara talatin da ɗoriya basu ci wasan sili ɗaya ƙwale ko ɗaya ba. A 2021 suka kawo Dan Campbell babban koci, suka bada kwatabak ɗinsu Matthew Stafford wa Rams suka karɓo nasu kwatabak ɗin Jared Goff, wanda a lokacin mutane ke masa kallon gyara akan ciniki. Su kuma Bears matsalarsu ta kwatabak ta zama abin tsokana, ƙungiya tun 1920 amma ko mutum ɗaya bai taɓa jefa yadi 4,000 a kaka ɗaya ba.

Inda nake so mu tsaya shine Nuwamban 2021, don nan ne wajen da ba'a cika ambato ba. Lions sun buga wasa takwas an cinye su takwas, na ƙarshen ma Eagles suka musu 44 da 6 a gidansu, sai aka shiga satin hutu. A cikin wannan hutun Campbell ya karɓi kiran dabaru da kansa, sannan ya jawo wani matashi da ke horar da 'yan wasan gefen layi, waɗanda rabi tarewa suke rabi cafe ƙwallo, ya damƙa masa tsara ɓangaren jifa. Matashin nan shine Ben Johnson. Babu wani taron 'yan jarida na a zo a gani, wa zai damu da canjin aiki a ƙungiyar da ko wasa ɗaya bata ci ba. Amma ba a makance Campbell ya zaɓe shi ba, sun zauna tare a Miami Dolphins, kuma a 2015 da Campbell ya riƙe ƙungiyar na wucin gadi Johnson ne ya gaji kujerar da ya bari. Mutum ne da ya karanta lissafi da ilimin kwamfuta a jami'ar North Carolina, ya buga kwatabak a can amma yawanci a benci ya ƙare, ya shigo Lions a 2019 da ƙaramin aiki na yanka bidiyo da tattara bayanai, aka canza babban koci ya tsira da kujerarsa.

Ba wai take aka ga canji ba fa. Wasan farko bayan hutu canjaras suka yi da Steelers 16 da 16, sannan Browns suka cinye su, Bears ma suka zo ranar bikin godiya na Amurkawa suka ci 16 da 14. Sai ranar 5 ga Disamba da Vikings, agogo ya zo ƙarshe, Goff ya jefa wa wani sabon yaro Amon-Ra St. Brown daga yadi 11, ya cafe a cikin gida, 29 da 27. Goff ya ruga ya rungume Campbell kai kace kofi suka ɗauka, alhali nasarar farko ce a wasa na 12. Yaron nan da sai a zagaye na huɗu na zaɓen sabbin 'yan wasa aka zaɓe shi, daga ranar ya jera wasa shida kowanne yana cafe ƙwallo takwas ko fiye. Abin da ya canza a sauƙaƙe shine an daina tambayar Goff abin da ba nashi ba, aka koma ga abin da ya iya: a yi kamar za'a miƙa wa mai gudu, 'yan tsaro su taso, shi kuma ya jefa ta tsakiyar fili da sauri. Kuma wannan salon baya aiki sai ƙartin gaba, mutum biyar ɗin nan da ke yi masa katanga, sun tsaya da ƙafarsu. A wannan shekarar aka zaɓo Penei Sewell a lamba ta 7, ga Taylor Decker, ga Frank Ragnow ɗan tsakiya duk da rauni ya zaunar da shi mafi yawan kakar. An gama da ci uku, rashin nasara 13, canjaras ɗaya, a Fabrairun 2022 aka tabbatar wa Johnson muƙamin mai tsara hari.

Daga nan abin ya tafi da gudu. 2022 suka gama 9 da 8, suka je har Lambeau, gidan Packers, suka hana su wucewa zuwa wasannin sili ɗaya ƙwale. 2023 suka ɗauki rukunin karon farko tun 1993, saura ƙiris su je Super Bowl, suna gaba 24 da 7 a hutun rabin lokaci 49ers suka farke. 2024 ci 15, maki 564, babu wanda ya kai su. To a NFL ba'a iya hana mataimaki tafiya idan ƙarin girma ne zuwa babban koci, kuma kasuwar ta fi son masu tsara hari, don haka duk ƙungiyar da nata ya yi fice ta san kwanansa ƙirgagge ne. Johnson ma sau biyu yana janyewa daga neman aikin babban koci, a 2023 da 2024. Bashi ne da aka san za'a biya tun ranar da aka ci shi.

Akwai wani wasa da har yanzu idan na tuna sai nayi dariya, Disamban 2024 a Soldier Field, gidan Bears. Goff ya karɓi ƙwallo yayi kamar yayi tuntuɓe, mai gudu Jahmyr Gibbs ya zube ƙasa kamar ƙwallon ta suɓuce yana nemanta, 'yan bayan Bears suka saki mutanensu suka leƙo, kawai Goff ya miƙe ya jefa wa Sam LaPorta shi kaɗai ba kowa kusa da shi. Wasan kwaikwayo ne tsaf da aka yi atisayensa. Wata ɗaya bayan nan ƙungiyar da aka yi wa wannan wayon ta ɗauki wanda ya ƙirƙiro shi.

Sai dai ku duba abin da Bears suka fara yi da ya iso, ba dabarun ban dariya ba ne. A 2024 sau 68 aka kayar da kwatabak ɗinsu Caleb Williams kafin ya jefa, to a Maris 2025 suka kawo Joe Thuney daga Chiefs, Jonah Jackson wanda tsohon ɗan Lions ne, da Drew Dalman, wato tsakiyar katangar gaba ɗaya sabuwa. Adadin kayarwar ya faɗo ƙasa da rabi. A daidai lokacin su Lions tasu tsakiyar ke zubewa, Kevin Zeitler ya tafi Titans, Ragnow yayi ritaya a watan Yuni yana ɗan shekara 29 saboda jiki ya gaji. Shi yasa masu neman mutum ɗaya da zasu ɗora wa laifin kakar Lions ta 2025 bana tare dasu, ɗan tsakiya shi ke karanta 'yan tsaro ya faɗa wa sauran wa zai tare wa, ka rasa irin wannan ko wa ke riƙe da takardar zai ji a jikinsa. A Nuwamba Campbell ya sake karɓar kiran dabaru kamar 2021, suka zura wa Commanders maki 44, amma daga baya aka koma gidan jiya, aka gama 9 da 8.

Abin da ke ɗaure wa masu cewa sirri aka sace kai shine haɗuwa biyun da aka yi a kakar duka Lions ne suka ci, 52 da 21 a Satumba, sai 19 da 16 a wasan ƙarshe. Sanin sirri ai hanya biyu ce, 'yan tsaron Lions sun shekara uku suna atisaye da harin Johnson kullum. Bears a sauran wasanni suka tara ci 11 suka ɗauki rukunin, suka kuma fitar da Packers a zagayen farko.

Petzing dai ya tarar da Goff, St. Brown, Gibbs, LaPorta da Sewell, kayan aiki ba laifi. Ni ranar da zasu haɗu da Bears ba takardar hannunsa zan kalla ba, mutum ukun dake tsakiyar layi zan zuba wa ido, in ƙirga daƙiƙa nawa Goff yake samu kafin wani ƙato ya iso kansa.