Ma'anar "rizab": ba duk man da ke ƙarƙashin teku ne ake ƙirgawa ba

Tun da kamfanin Shell ya amince da zuba jari a Bonga ta Arewa, wani filin mai a tekun Najeriya, a Disamban 2024, kalmar "rizab" (reserves da Turanci) ba ta bar bakin masu sharhi ba. A rediyo ana kiran ta "man da ke jibge a ƙarƙashin teku", ɗan siyasa kuma ya ɗauki adadin ya ninka da farashin ganga, ya ce ga kuɗinmu. Wannan "jibge" ita ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin babu wani tafkin mai a can ƙasa.

Mai yana cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin da ya zama dutse, kamar ruwan da ke tsattsafowa idan an tona yashin kogin Kubanni na Zariya da rani. Dutse irin na Kufena ba shi da waɗannan kafofi, shi ya sa ba a neman mai a Zariya.

A Neja Delta duwatsun ƙarƙashin ƙasa hawa uku ne. Can ƙasa akwai Akata, lakar teku mai ɗauke da ragowar halittu, wadda zafin digiri 60 zuwa 120 ya gasa har ta fitar da mai. Bisanta Agbada, yashi da laka bi da bi: yashi ya riƙe man, laka ta rufe shi. Sai Benin daga sama, yashi ne galibi, ba ta da murfin kirki. A Bonga kuwa, kilomita 120 daga gaɓa, inda zurfin ruwa ya haura mita 1,000, yashin zaftarowa ya yi daga gangaren teku ya kwanta a siraran hanyoyi masu lanƙwasa. Rijiya ta kauce kaɗan, sai ta faɗa laka zalla, kuɗin haƙa ya tafi.

To rizab shi ne kason da aka haƙa rijiya aka tabbatar, kuma za a iya fitarwa da kayan aikin yau, a farashin yau, da riba. A yawancin filayen duniya wajen sulusin man da ke dutsen ake samu. Sauran yana manne da yashi, ko ƙarfin da ke turo shi ya ragu, ko ruwa ya riga shi shiga rijiya. Don kada wannan ƙarfin ya ragu ne ake tura ruwa ƙasa a Bonga. Farashi ya faɗi, rizab ya ragu, alhali ko ɗigo bai motsa ba.

Rizab ɗin kansa aji uku ne, gwargwadon tabbacin za a fitar da adadin da aka faɗa: 1P mai tabbacin kashi 90 cikin 100, 2P kashi 50, 3P kashi 10 kacal. Duk wanda ya faɗi adadi bai faɗi ajinsa ba, a ganina bai yi wa mai sauraro adalci ba. Hoton ƙarƙashin ƙasa da aka ɗauka da igiyar sauti kuwa siffar dutse kawai yake nunawa, ba ya shiga ko ɗaya cikin ukun sai an haƙa. Ko bayan haƙar ma akwai jira: a 1996 aka gano Bonga, man farko bai fito ba sai Nuwamban 2005.