Ninki ba tari ba ne

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, babu kalmar da ta cika gidajen rediyon Kano kamar "ninki". Kuɗin Adaidaita Sahu ya ninka, haya ta ninka, wani ko naira hamsin aka ƙara masa a kan dubu sai ya ce ninkin ba ninki. Wannan zafin aljihu ne, a yi masa uzuri.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu ilimin da har yau suke ɗaukar ninkawa a matsayin tarawa da aka maimaita. Haka aka koya mana a firamare: uku sau huɗu, jera uku-uku har huɗu ka tara, 12. Amsar daidai ce. To rabi sau rabi fa? Ta yaya za ka jera rabi "rabin sau"? Amsar kwata ce, ta ma gaza abin da ka fara da shi, alhali tarawa ba ta rage wa mutum kaya. Shi ya sa a 2008 wani masanin lissafi na Jami'ar Stanford a Amurka, Keith Devlin, ya roƙi malamai su daina gaya wa yara haka, aka yi ta cacar baki da shi. Ni dai ina bayansa. Ninkawa miƙa abu ce ko tsuke shi bisa wani ma'auni. A cikakkun lambobi ne kawai take haɗa hanya da tarawa.

Mu ce kwanon shinkafa naira 4,000 ne a kasuwar Singa. Ya tashi da kashi 50 cikin 100, ya koma 6,000. Bayan kaka ya sauka da kashi 50. Sai ɗan siyasa ya hau rediyo ya ce an koma gidan jiya, tunda hamsin ta cinye hamsin. Ina! Rabin 6,000 ai 3,000 ne. Ɗaya da rabi aka ninka da rabi, aka samu kashi uku cikin huɗu na kuɗin farko. A nan kuskuren ya yi wa mai saye daɗi, amma idan aka ƙara kashi 20 bana a kan 4,000 ɗin, aka sake ƙara 20 baɗi, mai tarawa zai ce kashi 40 ne, wato 5,600, kwanon kuwa 5,760 zai zama, wato kashi 44. Naira 160 ɗin nan da ta ɓace a bakin mai sharhi, mai shago ba zai yafe ta ba.