Sikanin takarda: yaya kwamfuta ke gane rubutun da ke ciki?

An yi mani sikanin takarda a siber, amma na kasa gyara ko kalma ɗaya. Me ya sa?

Hoto aka ba ka. Sikana hoton takardar kawai take ɗauka, ko da an adana shi a PDF. Sai ya bi ta manhajar gane rubutu, wadda ake kira OCR, kafin ka iya gogewa, ka ƙara, ko ka nemo kalma a ciki.

Sayen manhajar ake yi?

Ba dole ba. Akwai wata mai suna Tesseract, kyauta ce. Kamfanin HP ya fara ƙera ta a 1985, aka sake ta ga kowa a 2005. Mai intanet kuma ya ɗora hoton a Google Drive, ya buɗe shi da Google Docs.

Me ke sa rubutun ya fito a hargitse?

Yawanci tun a sikana aka ɓata aikin. Ka ce a saita ta a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci na hoton. Ƙasa da haka ƙananan haruffa cuɗewa suke. A goge gilashin, musamman da hunturu, don ƙurar Maradi ba ta raina kafa, manhajar kuwa sai ta ɗauki ƙwayar ƙura a matsayin aya ko waƙafi. Takardar da ta daɗe a ninke cikin aljihu a miƙar da ita, a ɗora ta daidai, kada ta karkace. Kwafin kwafin fotokopi kam, sai haƙuri.

Tana gane Hausa?

Nan gizo ke saƙa. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ya sa darasin Faransanci, ya zaɓi Faransanci a manhajar, zai ga é da ç sun fito tsaf. Hausa kuwa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sukan zubar da ƙugiyarsu, ƙafa ta koma kafa. Sai ka bi layi-layi ka mayar. Ajamin hannu na malamanmu, a ganina, a adana hotonsa da kyau, a buga rubutun da hannu ya fi sauri.

Takardar haihuwa da ta fili fa?

Ita ce ba a sakar wa na'ura. Hatimi yakan hau kan suna, 0 ta zama O, 1 ta zama l. Ka riƙe ta asali a hannu, ka gwada suna da kwanan wata harafi-harafi. Idan kuma ofis ya nemi kwafi, hoton sikanin za ka aika, mai hatimi da sa hannu.