Jagorancin Ma'aikata a Lokacin Sauyin Tsarin Aiki

Jagorancin ma'aikata a lokacin sauyi reshe ne na ilimin gudanarwa, wanda ke duba yadda shugaba yake tafiyar da mutanensa idan wurin aiki ya bar tsarin da aka saba ya kama wani. Sauyin yakan zo ta haɗe sassa biyu, ko shigo da sabuwar manhaja, ko rage ma'aikata, ko kuma dokar hukuma da ba makawa sai an bi. Manya ne ke yanke shawara a sama, amma nauyin yakan sauka ne a kan shugaban tsakiya, wanda a wuraren aikin Saudiyya ake ce wa mushrif. Shi ake tambaya, shi ake yi wa gunaguni, alhali sau da yawa shi ma a takarda ya ga labarin.

Asalin fannin

Ana danganta tushen fannin ga Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Turai da ya yi hijira zuwa Amurka, ya rasu a 1947. Ya kasa sauyi hawa uku: a sassauta tsohuwar al'ada, a motsa zuwa sabuwa, sannan a bar sabuwar ta kafu. Maƙeri ma haka yake yi: sai ƙarfe ya yi ja yake dukansa, in ya gama kuma ya bar shi ya huce a siffar da ya ba shi.

A 1948 Lester Coch da John French suka wallafa binciken da suka yi a masana'antar ɗinki ta Harwood da ke jihar Virginia. Ma'aikatan da aka sanar da su sabon tsari kawai, aikinsu ya ragu, wasu ma suka ajiye aikin. Waɗanda aka zauna da su aka tsara sauyin tare kuwa, nan da nan suka dawo kan ƙwazonsu, har suka zarce. Daga baya John Kotter na jami'ar Harvard ya fitar da matakai takwas a 1995, yana farawa da sa mutane su ji cewa sauyin na gaggawa ne. Shi kuwa William Bridges ya bambanta sauyi, wanda ke aukuwa a ranar da aka sa, da sabo, wanda zuciya ke yi a hankali. A ganinsa kowane sauyi da rabuwa yake farawa, domin akwai abin da ma'aikaci zai rasa. Wannan ne ya fi amfani ga mushrif, don shi ne ke zaune da waɗanda suka yi rashin.

A Saudiyya

Wuraren aikin Saudiyya sun ga sauye-sauye a jere. A 2011 aka ɓullo da Niɗaƙat, shirin da ke auna kamfanoni da yawan 'yan ƙasa da suka ɗauka. A watan Yuni na 2013 aka mayar da hutun mako daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar, sanarwar kuma ta zo ƙasa da mako guda kafin a fara. Dalilin a fili yake: a da kwana uku kacal bankunan ƙasar ke haɗa aiki da kasuwannin Turai, sai suka zama huɗu. A 2016 aka bayyana Burin 2030, shirin gwamnati na sake fasalin tattalin arzikin ƙasar, a shekarar kuma aka koma biyan albashin ma'aikatan gwamnati da kalandar Miladiyya maimakon ta Hijira. A takarda ƙaramin gyara ne. A aljihu kuwa, shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka albashi goma sha biyu ya koma ɗaukar kwanaki fiye da da. Harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari ya shigo a 2018, ya koma kashi 15 a 2020, sannan aka wajabta rasit na lantarki daga Disambar 2021.

Hausawan Makka, Madina da Jidda suna cikin duk wannan, sai dai ba ƙafa ɗaya suka taka ba. Akwai 'yan ƙasa, jikokin alhazan da suka zauna tun da daɗewa, da yawansu da laƙabin Hausawi. Akwai masu iƙama, wato baƙi masu takardar izinin zama, wasu ma a Saudiyya aka haife su. Sauyi ɗaya kan zama buɗi ga wannan, ya zama barazana ga wancan, kuma su biyun suna iya zama a ofis ɗaya, suna cin abinci a faranti ɗaya. Idan aka keɓe wata sana'a ga 'yan ƙasa, shugaban da ya tara su ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa bai faɗi gaskiya ba, kuma sun sani.

Hidimar alhazai ta fi ko'ina nuna wannan. Aikin muɗawwifai, masu yi wa alhazai jagora da hidima, a da gado ne na iyalai, aka mayar da shi mu'assasoshi, wato cibiyoyi, bisa yankunan da alhazai ke fitowa, har da ta Afirka, daga baya kuma aka mayar da su kamfanoni. Masu jin Hausa da yawa suna cikinsa a matsayin tafintoci, direbobi da masu kula da tantuna a Mina. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana alhazan waje zuwa, aikin ya tsaya cik. Da aka dawo, rajista da izini sun koma manhajar waya. Dattijon da ya san kowane lungu na Mina da ka sai ya tarar ƙaramin yaro mai waya ya fi shi sauri.

Abin da ake nema ga shugaba

Na farko a ji labari daga bakinsa kafin a ji shi a WhatsApp, domin jita-jita ba ta jiran taro. Ya faɗi dalili, ya faɗi ranar, ya raba abin da aka riga aka yanke da abin da ake iya tattaunawa. Neman shawara a kan abin da aka gama yankewa ya fi rashin neman ɓata rai. Harshe ma abin lura ne: takardar hukuma da Larabci take zuwa, amma damuwa da Hausa take fitowa, sau da yawa bayan sallar Azahar, ba a ɗakin taro ba.

Masu jan ƙafa ba duka ne masu taurin kai ba. Wani tsoron raini yake yi, kada a ga gazawarsa a gaban na ƙasa da shi. Irin wannan a keɓe ake koya masa, a kuma ba shi wani ɓangare na sabon aikin da saninsa na da zai yi amfani. In dattijon da ake jin maganarsa ya karɓa, rabin aikin ya ƙare.

Akwai kuma iyakar doka. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta hana a ɗora wa ma'aikaci aikin da ya saɓa ƙwarai da wanda aka yi yarjejeniya a kai ba tare da yardarsa a rubuce ba, sai da larura kuma na ɗan lokaci. A Ramadan aikin Musulmi ba ya wuce awa 6 a rana, don haka ba watan fara sabon tsari ba ne, balle Zulhajji a Makka.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne na ƙarshe a jerin Lewin. Ana gama horo sai a ɗauka an gama, amma ranar da aiki ya yi yawa, hannu kan koma wa tsohon littafin rajista da ke cikin durowa. Shi ya sa ake sa ranar rufe tsohon tsari, a kuma ci gaba da bibiya har sai an wuce lokacin cunkoso na farko, wanda a Makka da Madina shi ne Umarar Ramadan ko aikin Hajji.