Matakan wata: me ake nufi, kuma ta ina za a fara wa yaro bayani?

Idan aka ce matakan wata, ana nufin siffofin da yake bayyana da su a idonmu daga tsayuwarsa zuwa ɓacewarsa. Ya fito jinjiri siriri a yamma, ya yi ta ƙaruwa har ya kai rabi, ya cika, sannan ya shiga raguwa har a daina ganinsa. Zagayen nan yakan ɗauki kwana 29 da awa 12 da minti 44. Shi ya sa watan da ake ƙirgawa da ganin jinjiri yake kwana 29 ko 30, goma sha biyunsa kuma su ba da kwana 354, ƙasa da shekarar rana da kusan kwana 11.

Littattafan makaranta sukan kasa zagayen gida takwas, kowane kaso da sunansa, a sa yara su haddace. A ganina wannan shi ne mafi ƙarancin amfani a darasin. Yaro zai iya jero sunayen tas alhali a ransa yana zaton wani abu ne yake gutsurar watan kowane dare.

Abin da ya kamata ya fara zama a kansa shi ne wata ba shi da hasken kansa. Dunƙulen dutse ne, rana ce take haska shi. Kuma kowane lokaci, ban da sa'ar husufi, rabinsa da ke fuskantar rana yana cikin haske, ɗaya rabin yana cikin duhu. Girmansa bai taɓa canzawa ba. Abin da ke canzawa shi ne yawan abin da muke iya hangowa daga rabin nan mai haske, domin wata yana kewaya duniya. In ya zo tsakaninmu da rana, duhunsa ne yake kallonmu, sai mu ce wata ya ɓace. In ya koma ɗaya ɓangaren, muna tsakiya, sai mu ga haskensa gaba ɗaya, mu ce ya cika. Duk sauran siffofin a tsakanin waɗannan biyun suke.

A nan ne manya da yawa, har da masu koyarwa, suke tuntuɓe. Tambayi mutum me ya sa wata ya zama jinjiri, sai ya ce inuwar duniya ce ta rufe sauran. Ba haka ba ne, kuma ido kaɗai ya isa ya ƙaryata wannan. Jinjirin wata kusa da inda rana ta faɗi yake tsayawa, ita kuwa inuwar duniya can gabas take miƙewa a lokacin, ta ba wa rana baya. Ina ta haɗu da shi? Sannan inuwar duniya mai da'ira ce, ba za ta yanka wata biyu da miƙaƙƙen layi ba kamar yadda muke gani a daren bakwai ko takwas. Ranar da inuwar duniya ta hau wata da gaske, wannan husufi ne. Ba ya faruwa sai wata ya cika, kuma cikin 'yan awanni ya wuce. Dalilin da ba a yin sa kowane wata shi ne hanyar da wata yake bi ta ɗan karkace da kimanin digiri 5, don haka yawanci yakan bi ta sama ko ta ƙasan inuwar.

To, ta ina za a fara da ƙaramin yaro? Da sararin sama, kafin takarda. A zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya, jim kaɗan bayan faɗuwar rana, a fara daga tsayuwar wata. Yaron ya duba, ya zana abin da ya gani, tare da wata bishiya ko rufin gida da zai zama alama. Kada a gyara masa zanen. Bayan 'yan kwanaki shi da kansa zai ce watan ya matsa, domin kowane dare yana gusawa gabas, yana kuma jinkirta fitowa da kusan minti 50. A mako guda zai same shi can sama, rabi. A mako biyu zai ga yana ɓullowa daga gabas a cike daidai lokacin da rana take faɗuwa a yamma. Tambaya ɗaya za a riƙa maimaita masa: "Ina rana ta faɗi?" In ya nuna, sai a ce ya duba wane gefe na watan ne yake haske. Kullum gefen da ke wajen rana ne. Ranar da yaro ya gano wannan da bakinsa, an yi rabin aikin.

Daga nan sai a shiga ɗaki. A kashe wuta, a bar fitila guda ɗaya mai watsa haske ko'ina, a ajiye ta a gefe, ita ce rana. A soke farar ƙwallo a tsinke ko fensir, ita ce wata. Kan yaron shi ne duniya. Ya miƙa hannu da ƙwallon yana fuskantar fitilar, zai ga duhu kawai. Ya fara juyawa a hankali ta hagunsa, hannun a miƙe, sai wani siririn haske ya bayyana a gefen ƙwallon, ya faɗaɗa, ya kai rabi, har ya ba wa fitilar baya ya ga ta haskaka duka. Abu ɗaya a kula da shi: ya ɗaga ƙwallon sama da kansa kaɗan, in ba haka ba inuwar kansa za ta faɗa mata. In ma hakan ta faru, faɗuwa ce ta zo daidai da zama, domin ga husufi nan a hannunsa, ya ga bambancin da idonsa. Dole yaron ne zai riƙe ƙwallon. Wanda ya tsaya a gefe yana kallo ba zai ga komai yana sauyawa ba, rabin da ke kallon fitila ne kawai zai gani yana haske.

Tambayoyi za su biyo baya, kuma galibi sun fi darasin daɗi. Me ya sa ake ganin wata da rana tsaka? Saboda ba dare ne gidansa ba, bayan ya cika ya fara raguwa ma da safe ake samunsa a yamma. Me ya sa yake bin mu in muna tafiya? Nisa ne, kimanin kilomita 384,000, tafiyarmu ba ta isa ta sauya inda muke hango shi ba. Yaro mai lura zai ce yana ganin sauran watan dishi-dishi a cikin jinjirin. Gaskiyarsa: hasken rana ne da ya bugi duniya ya koma kan wata, bayanin da Leonardo da Vinci, mai zane kuma masani ɗan Italiya, ya rubuta tun farkon shekarun 1500. Wani kuma zai lura tabon da ke fuskar wata ba ya sauya wuri. Wata yana juyawa a kan kansa sau ɗaya daidai lokacin da yake gama kewaya duniya sau ɗaya, shi ya sa fuska guda yake nuna mana. Ba a ga hoton bayansa ba sai a 1959, da kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ya ɗauko.

Kada a yi mamaki in hoton littafi ya saɓa da sama. A ƙasashen da ke can arewacin duniya jinjirin yakan tsaya a miƙe, haskensa a dama. A kudancin duniya a hagu yake. Kusa da layin da ya raba arewacin duniya da kudancinta kuwa kwance yake, ƙahonninsa suna kallon sama. In yaro ya zana nasa a kwance, abin da ya gani ke nan, kada a ce ya yi kuskure.

Wanda yake da madubin hangen nesa, ko ƙarami ne, kada ya jira daren da wata ya cika, lokacin haske ya shafe komai. Ya fito da shi a daren rabi, ya sa yaron ya kalli layin da ya raba haske da duhu. A wurin ne inuwar duwatsu da ramuka take fitowa ɓaro-ɓaro, kuma ita Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani a 1609 ya gane fuskar wata ba sumul take ba. Sai dai a ja masa kunne tun farko cewa madubin nan ba a taɓa kallon rana da shi, domin yana iya makanta ido nan take.