Kwalliyar biki da fararen furanni zalla: tambayoyi da amsoshi

Amare da yawa yanzu suna son zauren dina ya zama fari fat, tun daga ƙofar shiga har kujerar ango da amarya. Ado ne mai kyau ƙwarai, amma fari ba ya rufa asirin kuskure. Ga abin da aka fi tambaya a kai.

Fari kaɗai ba zai sa wurin ya yi lami ba?

Zai yi, idan mai kwalliyar ya ɗauka fari iri ɗaya ne. Ajiye auduga kusa da ƙwaryar kindirmo da guntun alli, za ka ga kowanne da irin farinsa: wani ya ja zuwa ruwan madara, wani ya yi tas. Furanni ma haka suke. Tunda babu wani launi da zai ja ido, siffa da girma ne za su yi aikin. A sa manyan wardi masu ganye a ninke, a gefensu haidiranjiya mai kama da dunƙulen auduga, a cike tsakani da jifsofila, ƙananan furannin nan masu kama da yayyafi, sannan a bar orkid ya zubo daga sama. Koren ganye kaɗan, irin na bishiyar turare, yana ƙara fito da farin. Ni dai na fi son a bar shi, ko da amarya ta ce fari zalla take so.

Daga ina wannan salon ya samo asali?

Farar rigar amarya ta yi tashe a Turai bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa ta a bikinta na 1840, da furen lemo a kanta. A wurinmu kuwa fari ba baƙo ba ne, dubi yawan farar shadda a wurin ɗaurin aure.

Waɗanne furanni ne ke jure zafinmu?

Nan ne ake yawan tafka asara. Orkid da kaneshan da kirisantimam suna da juriya. Haidiranjiya kuwa ba ta da haƙurin ƙishirwa ko kaɗan, a bazarar Kano ko Sakkwato tana iya langaɓewa kafin baƙi su gama zama. Wardi yana tsaka-tsaki, sai dai gefen ganyen furensa kan koma ruwan ƙasa da zarar ya bugu, abin da ba a cika lura da shi a jan wardi ba. Ana noma furanni a Jos saboda sanyin wurin, wasu kuma ta jirgi ake kawo su daga Kenya, musamman gonakin gefen tafkin Naibasha. A yi odar da wuri, a kuma tambayi ranar da aka yanko su.

Furen lili fa?

Yana da ƙamshi da kwarjini, amma garin da ke tsakiyarsa yana rina tufa. A tsinke kawunan da ke ɗauke da garin da zarar furen ya buɗe. In ya zuba a kan leshin amarya, kada a goge, kada a sa ruwa. A ɗora salatif a hankali a ɗage shi.

Yaya ake ajiye su kafin lokacin biki?

A yanke ƙasan karan a karkace, a cire ganyen da zai nutse, a tsoma cikin ruwa mai tsabta a ɗaki mai sanyi. A nisanta su da ayaba da mangwaro, domin iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana tsufar da fure. Lokacin hunturu a rufe su har zuwa ƙarshe, ƙura ba ta ɓuya a jikin fari.

Dole ne farin furen ya zo daidai da rigar amarya?

Ba dole ba, amma a gwada su tare. Riga mai ruwan madara kusa da fure fari ƙal sai ta yi kamar ta daɗe a akwati. A kai ƙyallen rigar wurin mai furanni, a duba a ƙarƙashin irin fitilar da za a kunna a zauren. Ƙwan fitila mai ɗorawa yana sa fari ya yi taushi, mai shuɗi-shuɗi kuwa yana mai da wurin kamar ɗakin asibiti.

In kuɗi bai kai ba, furen roba ya yi?

Ya yi, a inda hannu ba ya kaiwa: saman rumfa, bangon bayan kujera, jikin ginshiƙai. Wanda amarya za ta riƙe da na kan teburan baƙi a sa na gaske, tunda su ne za a taɓa, a sunsuna, a ɗauka hoto a kusa.